Daga Ibadan zuwa Indianapolis: Me ya sa tsufa ke riskar baƙar fatar Amurka da wuri?

A 1992 wasu likitoci na Jami'ar Indiana ta Amurka da takwarorinsu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan suka ɗauko wani aiki da ya ci musu kusan shekara ashirin. So suke su gano ko gigin tsufa, cutar nan da ke sa dattijo ya manta sunan ɗansa ko ya ɓace a unguwar da ya girma, gadonta ake yi ko kuwa zaman duniya ke jawo ta. Suka bi gida gida a unguwar Idikan ta Ibadan, suka rubuta Yarabawa sama da dubu biyu, 'yan shekara 65 zuwa sama. A birnin Indianapolis ma suka tara baƙaƙen fata kimanin adadin haka, tsararrakin na Ibadan. Hugh Hendrie ne ya ja ragamar aikin a Amurka, a Najeriya kuma Farfesa Benjamin Osuntokun, da ya rasu a 1995 sai Adesola Ogunniyi ya ɗora. Tambayoyin iri ɗaya ne, gwajin ma haka.

Da suka fitar da sakamako a 2001, sai ya zamana a kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ke shiga gigin tsufa, na Indianapolis kuwa kashi 3.24. Ninki biyu har da ɗori. Ga Ibadan babu na'urorin asibiti irin na Amurka, babu fansho mai tsoka, amma kan tsofaffinta ya fi daɗewa daram. Kada a yi saurin tafi. Wanda ya kai shekara 65 a Ibadan ta wancan lokaci ya riga ya tsallake zazzaɓi da gudawa da haɗarin haihuwa da suka kwashe tsararrakinsa da yawa, saboda haka masu ƙarfin ne suka rage aka gwada. Kuma baƙaƙen fatar Amurka ba Yarabawa ne zalla ba, kakanninsu daga Senegal har Angola aka kwaso su, jini kuma ya gauraya. Duk da haka masu binciken sun lura da wani abu da ba ya ɓuya: hawan jini da ciwon suga da kitsen jini sun fi yawa ƙwarai a Indianapolis, kuma waɗannan ne ke lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

Wani bincike da Richard Cooper na Jami'ar Loyola ta Chicago ya jagoranta, aka buga shi a 1997, ya bi sawun hawan jini ta hanyar da jiragen bayi suka bi. A Afirka ta Yamma, wato Najeriya da Kamaru, ya samu kashi 16 cikin 100 na manya suna da shi. A tsibiran Karibiyan kashi 26. A garin Maywood da ke gefen Chicago kashi 33. Yau hawan jini ya ƙaru sosai a Legas da Kano da Yamai, wannan ma shaida ce cewa ciwon yana bin abinci da gishiri da ƙiba da damuwa fiye da yadda yake bin launin fata.

Wannan ne zaren da ya kamata a riƙe in ana maganar lafiyar tsofaffin tsiraru a Amurka. Kafin annobar korona, a 2019, tsawon ran da ake sa wa baƙar fata shekara 74.8 ne, na farar fata 78.8. A 2021 na baƙar fata ya sauko zuwa kusan 71, na farar fata 76 da 'yan kai, na ƙabilun asali irin su Navajo da Lakota kuwa kimanin 65. Dattijo baƙar fata ya ninka farar fata haɗarin gigin tsufa. Giɓin ya girme wa ciwon da ke kwantar da shi a yau, tun ranar haihuwarsa aka fara haƙa shi.

Wanda aka haifa a 1945

A ɗauki macen da aka haifa a jihar Mississippi a 1945. Mai yiwuwa ungozoma ce ta karɓi haihuwarta a gida, domin asibitocin Kudancin ƙasar ko dai ba sa karɓar baƙar fata sam, ko su ajiye su a wani ɗaki na ƙarƙashin bene. Dokar Hill-Burton ta 1946 ta zuba kuɗin gwamnatin tarayya wajen gina asibitoci, amma ta halatta a ware jinsi. Likita baƙar fata ma sai an tona, saboda rahoton Flexner na 1910 ya yi sanadin rufe biyar daga cikin makarantun likitanci bakwai na baƙaƙe, aka bar Howard da Meharry kaɗai. Har yau baƙaƙen fata ba su wuce kashi 6 cikin 100 na likitocin ƙasar ba, alhali sun kai kashi 13 na jama'a.

Wani likitan haƙori mai suna George Simkins ne ya kai wasu asibitocin birnin Greensboro ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya a 1963. (Greensboron nan dai ita ce yau ta zama matattarar 'yan Nijar a Amurka.) Amma abin da ya karya lagon wariya a asibiti kuɗi ne. Ranar 30 ga Yuli, 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar Medicare, inshorar lafiyar 'yan shekara 65 zuwa sama, gwamnati kuma ta kafe cewa duk asibitin da ke ware jinsi ba zai ga ko sisi ba. Kafin shirin ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1966, dubban asibitoci sun cire allunan wariya cikin 'yan watanni. Yarinyar can ta 1945 a lokacin tana da shekara 21. Ƙuruciyarta duka, lokacin da ƙashi da zuciya da ƙwaƙwalwa ke ginuwa, ta wuce a ƙarƙashin tsohon tsari.

Gidajen kula da tsofaffi ba a matsa musu haka ba. Takarda kawai suka sa wa hannu aka ƙyale su, shi ya sa har yau baƙaƙen tsofaffi suka fi taruwa a gidajen da ma'aikata suka yi ƙaranci, kuma a irin waɗannan gidaje korona ta fi yin ɓarna. Batun aljihu ma haka. Dokar fansho ta 1935 ta tsame ma'aikatan gona da masu aikatau, waɗanda a lokacin su ne kusan kashi biyu cikin uku na baƙaƙen ma'aikata, sai a 1950 da 1954 aka shigo da su. Hukumomin gwamnati kuma suka shata wa unguwannin baƙaƙe jan layi a taswira, bankuna suka hana su bashin sayen gida. A ƙididdigar Babban Bankin Amurka ta 2022, dukiyar matsakaicin iyali farar fata dala 285,000 ce, ta baƙar fata ba ta kai 45,000 ba. Da wannan ake sayen magani, da shi ake biyan mai jinya idan ƙafa ta gaza.

Sai kuma tabon binciken Tuskegee. Daga 1932 zuwa 1972 Hukumar Lafiyar Jama'a ta Amurka ta riƙa bibiyar baƙaƙen maza 600 a gundumar Macon ta jihar Alabama, 399 daga cikinsu masu ciwon tunjere, ba tare da an faɗa musu gaskiyar ciwonsu ba. Allurar fenisilin ta zama maganin tunjere tun wajajen 1947, aka hana su don a ga yadda cutar ke cin jiki har kabari. Sai a 1997 Shugaba Bill Clinton ya nemi gafara. Masana tattalin arziki biyu, Marcella Alsan da Marianne Wanamaker, sun ƙiyasta cewa bayan asirin ya tonu baƙaƙen maza sun ja baya daga asibiti, har hakan ya rage musu kusan shekara ɗaya da rabi na rayuwa. Matashin da ya karanta labarin a jarida a 1972 shi ne dattijon da yau likita ke ƙorafin ba ya zuwa ganinsa a kan lokaci. Ni dai ba na ganin laifinsa.

Arline Geronimus ta Jami'ar Michigan ce ta fito da bayanin da yanzu aka fi kafa hujja da shi kan saurin tsufar baƙar fata. Ta lura da wani abin ɗaure kai: a wajen fararen fata, jariran matan da suka haura shekara ashirin sun fi na 'yan mata lafiya, a wajen baƙaƙe kuwa abin ya juya. A 1992 ta ce dalilin shi ne jikin baƙar mace ya fara zaizayewa tun tana ashirin da 'yan kai. Fargabar kuɗin haya, aiki biyu a rana, tsoron abin da ɗan sanda zai yi wa ɗanta, wulaƙanci ƙanana na kullum, duk suna sa jiki ya riƙa tsarto sinadaran tashin hankali ba hutu, su kuma su gajiyar da zuciya da jijiyoyi da garkuwar jiki. An yi mata ca a lokacin. A 2010 ita da abokan aikinta suka auna ƙwayoyin halittar mata 'yan shekara 49 zuwa 55, suka ƙiyasta cewa jikin baƙaƙen ya girme na fararen da shekara bakwai da rabi.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne binciken Sherman James. A 1978 ya haɗu da wani manomi a North Carolina, John Henry Martin, ɗan masu noman ƙaro, wanda ya koya wa kansa karatu, ya sayi gona eka 75, ya biya bashinta cikin shekara biyar da aikin dare da rana. Bai wuce hamsin da 'yan kai ba hawan jini da amosanin gaɓɓai da gyambon ciki suka durƙusar da shi. James ya shafe shekaru yana nuna cewa talaka baƙar fata mai naci, wanda ya rantse sai ya fita daga talauci ko ta halin ƙaƙa, shi ne hawan jini ya fi kamawa. Halin da ake yaba wa mutum a kansa, shi ke cinye shi idan an toshe masa ƙofofi.

Medicare tana zuwa, amma a makare

Ba a raina Medicare. Ranar da Ba'amurke ya cika 65, giɓin inshora tsakanin jinsuna yana raguwa nan take. Matsalar ita ce hawan jini da suga ba sa jiran 65, tun daga talatin da arba'in suke aikinsu a ɓoye. Dokar lafiya ta Obama ta 2010 ta so ta faɗaɗa Medicaid, inshorar marasa ƙarfi, amma Kotun Ƙoli ta bar wa jihohi zaɓi a 2012. Zuwa 2024 jihohi goma ba su faɗaɗa ba, ciki har da Mississippi da Alabama da Georgia da Texas da Florida, inda baƙaƙen fata suka fi yawa. Mutum zai yi shekara ashirin yana lallaɓa ciwo da abin da ya sawwaƙa, ranar da kati ya zo ƙoda ta riga ta tafi, ko yatsan ƙafa ya yi baƙi.

Yanke ƙafa saboda suga ya ninka kusan sau uku a wajen baƙar fata. Wani likitan zuciya haifaffen Najeriya, Foluso Fakorede, ya buɗe asibiti a ƙaramin garin Cleveland da ke yankin Delta na Mississippi saboda wannan. Abin da ya tarar shi ne ana yanke wa mutane ƙafa ba tare da an ɗauki hoton jijiyoyinsu an ga ko za a iya buɗe su ba. Tsohon da aka yanke wa ƙafa ya rasa aiki da tuƙi da zuwa majami'a, da yawa kuma ba sa daɗewa bayan haka.

A batun ƙoda kam gado yana da hannu, kuma ya shafe mu kai tsaye. A 2010 aka gano wasu nau'o'i biyu na ƙwayar gado mai suna APOL1, waɗanda asalinsu Afirka ne, sun yaɗu ne saboda suna kare mutum daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa. Wanda ya gaje su ta uwa da uba haɗarin ciwon ƙodarsa ya fi yawa. Kimanin kashi 13 cikin 100 na baƙaƙen Amurka haka suke, a kudancin Najeriya da Gana ma abin ya fi haka. Sai dai mafi yawan masu ɗauke da su ba sa kamuwa. Maimakon a sa wa baƙar fata ido sosai, sai aka yi akasin haka. Daga 1999 lissafin da ɗakunan gwaji ke auna ƙarfin ƙoda da shi ya riƙa ƙara wa duk wanda aka rubuta baƙar fata maki, kashi 16 zuwa 21 cikin 100, bisa zaton sun fi tsoka. Ƙodar mara lafiya sai ta fito da kyau a takarda, a jinkirta tura shi wajen ƙwararre, a jinkirta sa shi a layin dashe. A 2021 aka soke lissafin, daga baya aka gyara wa baƙaƙe sama da 14,000 matsayinsu a layi, aka maido musu da kimanin shekara biyu kowanne.

Na'urori ma ba su tsira ba. 'Yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa don auna iskar oksijin da haske take aiki, baƙar fata kuma na ruɗa ta. Likitocin Jami'ar Michigan sun nuna a Disamban 2020, ana tsakiyar korona, cewa ta fi kuskuren ɓoye ƙarancin iska kusan sau uku a jikin baƙar fata. Irinta ce a asibitocinmu. Wata manhajar kwamfuta kuma da ke zaɓar marasa lafiyar da za a ba kulawa ta musamman, an gano a 2019 cewa kuɗin da aka kashe wa mutum a baya take dubawa. Tunda an saba kashe wa baƙar fata kaɗan, sai ta ɗauka shi ne mai lafiya.

Maƙwabci ma magani ne

A watan Yulin 1995 zafi ya haura digiri 40 a Chicago, mutum 739 suka mutu cikin mako guda, akasarinsu tsofaffi matalauta da ke zaune su kaɗai. An tarar da wasu a ɗaki tagogi a rufe saboda tsoron ɓarayi. Masanin zamantakewa Eric Klinenberg ya kwatanta unguwanni biyu da ke maƙwabtaka. North Lawndale ta baƙaƙe ce, masana'antu sun tashi, shaguna sun rufe, kangaye ko'ina. South Lawndale ta 'yan asalin Meziko ce, talaucin tsofaffinsu kusan ɗaya, amma titi cike da masu talla da shaguna masu sanyi inda tsoho zai shiga ya huta. Mutuwar North Lawndale ta ninka ta maƙwabciyarta sau goma. Kada a ce jinsi ne: Auburn Gresham unguwar baƙaƙe ce ita ma, amma tana cikin waɗanda suka fi tsira a duk birnin, domin mutanenta sun san juna, sun san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Irin wannan zumunci na iya zama ɓangare na dalilin da ya sa 'yan asalin Latin Amurka, duk da talauci da rashin inshora, suka fi fararen fata tsawon rai, abin da Kyriakos Markides ya ja hankali a kai tun 1986. Wani ɓangaren kuma masu ƙarfi ne ke yin ƙaura, wasu kuma in ciwo ya yi tsanani gida suke komawa su mutu, ba a ƙirga su.

Abubuwan da suka yi aiki kusan duk a wajen asibiti aka yi su. Likita Ronald Victor ya shiga shagunan aski 52 na baƙaƙe a Los Angeles, ya haɗa masu aski da masana magunguna da ke zuwa shagon su auna jini, su rubuta magani da yardar likita. Maza 319 masu hawan jini suka shiga. Bayan wata shida, a sakamakon da aka buga a 2018, awon jinin waɗanda aka kula da su a shago ya sauka da maki 27, na waɗanda aka ce kawai su je su ga likita da maki 9. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, shi da ya san wanzami da aski da ƙaho da cire beli. Mutumin da ka miƙa wa wuyanka yana riƙe da aska shekara goma, in ya ce ka sha magani za ka sha.

A unguwar 'yan Sin ta San Francisco kuma, wata cibiya mai suna On Lok da aka kafa a 1971 ta fara ɗauko tsofaffi da safe, a duba su, a ba su abincin da suka saba da harshen da suke ji, a maido su gida da yamma. Tsarin ya yi kyau har majalisa ta mai da shi ɓangaren Medicare na dindindin a 1997. Daga 2023 kuma an ƙayyade wa masu Medicare kuɗin allurar insulin a kan dala 35 a wata.

Namu da ke can

Hausawan Gana da Najeriya da Nijar da suka sauka a Bronx da Harlem da Greensboro daga 1980 zuwa 2000 yanzu furfura ta fito. Sun iso da lafiyar da ta fi ta baƙaƙen da suka tarar, wasu ma suna yi musu kallon raini. Bincike ya sha nuna cewa wannan fifiko na baƙo yana raguwa da daɗewar zama. Awa goma sha biyu a kujerar tasi, abincin kan hanya, rashin barci, ga buƙatun 'yan uwa daga gida, hanyar John Henry Martin ce sak. Na'urar yatsa kuma ba ta tambayar fasfo.

Akwai ƙa'idojin da ya kamata a sani tun da sauran ƙarfi. Samun ɓangaren kwanciya asibiti na Medicare kyauta sai mutum ko matarsa ko mijinta ya yi aikin da aka biya haraji na kimanin shekara goma. Direba ko mai kitso da ya yi ta karɓar kuɗi a hannu bai bayyana wa hukuma ba, zai kai 65 ya tarar babu komai a sunansa. Mai shirin komawa Kumasi ko Maraɗi ya huta kuma ya sani Medicare ba ta biyan jinya a wajen Amurka. Asibitin da ke karɓar kuɗin tarayya wajibi ne ya samar da tafinta kyauta, don haka babu dalilin da jika ɗan shekara goma sha biyu zai zama shi ke fassara wa kakarsa maganar mahaifa ko mafitsara. Kunya za ta sa ta haɗiye rabin bayanin.

Waɗanda suka fi shiga tsaka mai wuya su ne iyayen da 'ya'ya ke ɗaukowa don renon jikoki. Hajiya da a gida ba a rufe ƙofarta saboda masu gaisuwa, sai ga ta a bene hawa na shida, ba Turanci, ba mota, ga hunturu, 'ya'ya sun fita tun asuba. Ba ta taɓa aiki a ƙasar ba, saboda haka sai ta yi shekara biyar cur da takardar zaman dindindin kafin a yarda ta sayi Medicare, kuma a 2024 kuɗin ɓangaren asibiti kaɗai ya haura dala 500 a wata. Duk mai niyyar kai mahaifiyarsa Amurka, kafin ya yanki tikiti, ya zauna ya lissafa wanda zai biya asibiti a waɗannan shekaru biyar, ya kuma nemo masallaci ko gidan 'yan uwa da za ta iya takawa da ƙafarta.